Sutura Daban, Ɓoye wa Mai Abu Gaskiyarta Daban

 

 Tambayar da nake so mu zauna a kanta a wannan fitowa ita ce: idan uwa ta san wata gaskiya mai ɗaci game da jikin 'yarta, tana da ikon ta ɓoye mata don ta tsare mata zuciya? Na san da yawanmu za mu ce eh ba tare da dogon tunani ba, domin an tarbiyyantar da mu a kan sutura, kuma sutura abu ne mai kyau. To amma ki ɗan jinkirta amsarki har na kawo miki wata mas'ala da ba a cika taɓo ta a majalisunmu ba.

Akwai wata halitta da likitoci ke taƙaita sunanta da haruffa uku, AIS. A Hausance ma'anarta jikin da ba ya jin sinadarin maza. Ga yadda abin yake. A cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai kuromosom 46, biyu daga cikinsu su ne na jinsi: galibi mace tana da XX, namiji yana da XY. Ɗan tayi mai XY yakan samu 'ya'yan maraina tun yana cikin mahaifa, su kuma su fitar da sinadarin testostiron wanda ke umartar jiki ya ɗauki siffar namiji. To amma umarni sai da mai jinsa. A cikin ƙwayoyin jiki akwai wani makarɓi wanda aikinsa ke nan, ya karɓi wannan saƙo. Idan Allah ya ƙaddara makarɓin bai yi aiki ba sam, sai jiki ya ci gaba da ginuwa a siffar mace. A haifi jaririya, ungozoma ta duba ta ce mace ce, kuma ba ta yi kuskure ba. A huda kunne, a raɗa suna, yarinya ta tashi cikin 'yan'uwanta mata. Idan ta kai shekarun balaga jikinta yakan juya wani ɓangare na testostiron ɗin ya koma istirojin, wato sinadarin mata, sai ƙirji ya fito, murya ta zauna ta mata, sau da yawa ma ta ɗan fi sa'o'inta tsawo. Gashin hammata da na mara kaɗan ne ko babu. Sai dai ba ta da mahaifa, saboda haka ba za ta ga al'ada ba, ba kuma za ta ɗauki ciki ba.

Wannan shi ne cikakken nau'in, kuma a kansa nake magana. Akwai nau'in da jiki ke ɗan jin sinadarin, siffa ta zo a cakuɗe, wannan bayaninsa daban ne. Cikakken nau'in ana ƙiyasta yana samun 2 zuwa 5 a cikin kowane jarirai 100,000 masu XY. Kusan kashi biyu cikin uku ta wajen uwa ake gadonsa, shi ya sa akan same shi a ya da ƙanwa, ko a wata ƙanwar uwa da aka daɗe ana cewa Allah bai ba ta haihuwa ba. Kada wata ta ji haka ta ɗora wa uwa laifi, ita ma a halittarta ta zo da shi, ba da saninta ba. Yawanci ta hanya biyu ake gane abin: ko a kai ƙaramar yarinya aikin kaba likita ya tarar da ɗan maraina a matsematsinta, ko kuma budurwa ta wuce lokaci al'ada shiru, a je asibiti.

Su waɗannan 'ya'yan maraina da ke ɓoye a ciki, ana tsoron su rikiɗe su zama ciwon daji idan shekaru suka ja. Kafin balaga haɗarin kaɗan ne ƙwarai. A da tun yarinya tana ƙarama ake cire su. Yanzu likitoci da yawa sun fi son a jira ta balaga da sinadarin jikinta, ta yi hankali, a yi shawara da ita, wasu matan ma sukan zaɓi a bar su ana sa ido. Amma duk ranar da aka cire su, babbar maɓuɓɓugar istirojin ɗinta ta ƙafe. Yarinya 'yar shekara 18 sai ta wayi gari da jiki irin na matar da ta daina al'ada a shekara 50: zafi ya riƙa taso mata, gumin dare, bushewar gaba. Waɗannan ana jinsu, ana iya kai kukansu. Abin da ba a ji shi ne na ƙashi.

Mu muna ɗaukar ƙashi kamar busasshen icce ne da aka kafa aka gama. Ashe rayayye ne, kullum cikin aiki yake. Akwai ƙwayoyin da ke kankare tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo a gurbinsa, har ya zama a cikin kamar shekara 10 yawancin ƙasusuwan babban mutum sun sabunta. Istirojin shi ne ke riƙe linzamin masu kankarewa. Idan babu shi sai kankarewa ta fi gini, ƙashi ya riƙa rarakewa daga ciki kamar azarar da gara ta shiga, daga waje lafiya lau, sai ranar da ɗan santsin bakin rijiya ya karya ƙugu, ko ƙashin baya ya lotsa mace ta ranƙwafa tun lokacinta bai yi ba. Ga kuma wani abu: yawancin ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi yana tara shi ne daga balaga zuwa kusan shekara 30. Wadda ta rasa istirojin a waɗannan shekaru asara biyu ta yi, ba ta tara ba, kuma ɗan abin da ke akwai yana zuba. Mata masu AIS kuwa dama an lura ƙashin bayansu yakan ɗan gaza na sauran mata ƙarfi ko ba a yi musu aiki ba, tunda ƙashinsu ba ya jin testostiron, wanda shi ma yana da rabonsa a ginin.

Maganin ba wani mai wuya ba ne. Istirojin ake ba ta, ko ƙwaya ta sha, ko wani ɗan manne da ake liƙawa a fata, ko mai na shafawa. Tunda ba ta da mahaifa, ba ta buƙatar sinadari na biyu da ake haɗa wa sauran mata don kare mahaifa. Za ta ci gaba da shi har zuwa wajen shekara 50, lokacin da mata kan daina al'ada. Ki lissafa da kanki, shekara 30 ko fiye, kullum. Lokaci-lokaci kuma a auna ƙarfin ƙashin da wata na'ura da ake kira DEXA.

Yanzu mu dawo kan tambayarmu. Wace mace ce za ta yi shekara 30 tana shan maganin da ba a gaya mata dalilinsa ba?

Turawa sun gwada, mun ga inda ta kai su. A 1953 wani likitan mata a Jami'ar Yale ta Amurka, John Morris, ya tattara bayanin mutum 82 masu wannan halitta ya wallafa. Shawarar da aka bi a zamaninsa, har shekaru masu yawa bayansa, ita ce kada a gaya wa mace gaskiya, wai ba za ta iya ɗauka ba. Akan ce mata ƙwayayen haihuwarta ne suka lalace aka cire, ga magani ki riƙa sha. Niyyarsu tausayi ne, irin tausayin da ke zuciyar kowace uwa. Amma yarinya ba ta jin ciwo, ba ta san me maganin ke karewa ba, sai ta sha na wata shida ko shekara ta ajiye. Wasu sun girma sun tsinci gaskiyar a cikin fayil ɗin asibiti su kaɗai, ba mai rarrashi, suka ƙaurace wa likitoci gaba ɗaya saboda an yaudare su. A shekarar 2000 Robert Marcus na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka auna ƙasusuwan mata 28 masu AIS, suka tarar waɗanda ba sa shan istirojin yadda aka ce su ne ƙashinsu ya fi rauni. A 2005 masana kimanin 50 suka taru a birnin Shikago, matsayarsu ta fito a 2006, daga ciki har da cewa a daina ɓoyewa, a riƙa yi wa mai abin da iyayenta bayani a fili.

Ban raina dalilin uwa ba ko kaɗan. Mun san garinmu, mun san bakinmu. Mace mai mahaifa ma idan ta yi shekara uku ba ciki sai an kira ta juya, ina ga wadda aka ji ƙishin-ƙishin an ciro mata abin maza a ciki? Kafin la'asar an raɗa mata mata-maza, kishiya ta samu abin gori, dangin miji su samu na habaici a gidan biki, ƙannenta ma su rasa manema. Uwar da ta hango wannan ta ce a binne maganar, wallahi ƙauna ce ta sa ta. Sai dai ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Sutura ita ce ki rufe al'amarin 'yar'uwarki ga wanda ba shi da haƙƙin sani. Maƙwabciya ba ta da haƙƙi, ƙawa ba ta da shi, gwaggo mai yawo da zance ba ta da shi, ni malamarta ma ba ni da shi sai in ita ta ga dama. A nan ki rufe ruf, kina da lada. Amma mai jikin fa? A Sahihul Bukhari Annabi (SAW) ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi wahalar da kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tuna masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Idan jiki amana ne da za a tambayi mai shi, yaya za ta tsare amanar da aka hana ta sanin halinta? Ke uwa yau kina nan kina miƙa mata ƙwayar kina cewa sha kawai. Gobe tana ɗakin mijinta a wani gari, jibi ke kin koma ga Allah. Ranar da ƙugunta ya karye tana 'yar shekara 40, ke ba kya cikin ɗakin, ita ce a kwance.

Ba ina nufin a zaunar da 'yar shekara 7 a zazzage mata zancen kuromosom ba. Gaskiya ana ba da ita gwargwadon shekaru, kamar yadda muke koyar da tsarki, na 'yan aji ɗaya daban na 'yan aji shida daban. Ƙarama a ce mata an yi miki aiki a ciki, jikinki zai buƙaci magani idan kin girma. Idan ta tasa a ce mata ba kowace mace ce ke yin al'ada ba, kina cikin waɗanda ba za su yi ba. Idan ta yi hankali a zauna da likita a warware mata komai, ta yi kukanta a kafaɗarki. Sharaɗin dai shi ne kada a taɓa gaya mata abin da gobe sai an warware shi, domin ƙarya ɗaya idan ta gano ta, ba za ta sake yarda da sauran maganar ba, har da maganar magani.

Na san abin da ya fi tsorata uwa shi ne tambayar da za ta biyo baya: "Mama, to ni mace ce?" Malamanmu na fiƙihu ba su tsallake wannan babi ba. Shehu Khalil ya rufe Mukhtasar ɗinsa ne da hukuncin khunsa, ya lissafa alamomin da ke ɗauke ruɗani, daga ciki akwai mafitar fitsari da fitowar nono. Ki auna yarinyarmu da su. Mafitarta ta mata ce tun ranar haihuwa, ƙirjinta na mata ne, ba gemu, ba muryar maza, kuma ko an ɗura mata sinadarin maza jikinta ba zai ji ba. Kusan dukkan masu cikakken nau'in suna tashi suna jin kansu mata, suna rayuwa mata. A fahimtata ba ruɗani a nan, mace ce, sallarta da suturarta da aurenta na mata ne; wadda ke son fatawa a kan takamaiman halinta ta je wa malami masani da takardar likita a hannu. Rashin al'ada bai fitar da kowa daga mata ba, ai aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta yanka iddar wata uku ga matan da ba su yi haila ba, kuma a mashhurin mazhabarmu wanda alamomin balaga ba su bayyana gare shi ba ana ƙirga masa balaga da cika shekara 18. Rashin haihuwa ma haka, aya ta 49 da ta 50 a Suratush Shura sun ambaci wanda Allah ke bai wa mata, da wanda yake bai wa maza, da wanda yake gauraya wa, da wanda yake bari ba haihuwa, duka a jere guda cikin ikonsa. Nana A'isha (RA) ba ta haihu ba, da sunan ɗan 'yar'uwarta Abdullahi ɗan Zubairu aka yi mata alkunya, ga ta Uwar Muminai.

Sai kuma waswasin da kan sa wasu masu tsoron Allah su ajiye maganin da kansu: shan sinadari ba canza halittar Allah ba ne, wanda aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta jingina wa Shaiɗan? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 1989 a kan wannan. Ta haramta wa cikakken namiji ko cikakkiyar mace sauya jinsi. Amma wanda alamomin jinsi biyu suka haɗu a jikinsa, ta ce a duba wanda ya rinjaya a yi masa magani a kansa, da tiyata ko da sinadarai, domin lalura ce ake yi wa magani. To balle ita wannan da ba abin da ake sauyawa, abin da jikinta ke samarwa da kansa kafin aiki shi ake mayar mata, kamar mai ciwon sukari da allurar insulin.

Akwai mutum ɗaya bayan ita da nake ganin yana da haƙƙi, shi ne mai neman aurenta. An ruwaito cewa Sayyadina Umar (RA) ya ji wani mutum da ba ya haihuwa ya yi aure, ya tambaye shi ko ya sanar da matar, ya ce a'a, sai ya umarce shi ya je ya sanar da ita ya ba ta zaɓi. Abin da aka wajabta wa namiji don mace, adalci ne a yi wa namiji shi. Ya san cewa ba za ta haihu ba kuma tana kan magani mai tsawo. Sauran bayanin nata ne, ta faɗa lokacin da ta natsu da shi. Aure kuwa suna yi, ana zaune lafiya. Idan gaba ta zo gajeriya akwai hanyar da likita ke koyarwa a hankali, galibi ba sai an yi tiyata ba. Na fi son a rasa manemi tun a waje da a ɗaura aure a kan rufa-rufa, yarinya ta riƙa ɓoye ƙwaya a ƙasan adaka, tana fashin sallar ƙarya duk wata don kada a gane. Subhanallahi, sallah guda ta fi ƙarfin gorin duk unguwa. Mijin da ya sani kuma ya yarda, to ya sa kuɗin maganin nan a lissafin cefane, kada ya zama abin da ake saye sai an samu rara. Mu ma a rassan ƙungiya, asusun da muke tallafa wa marasa lafiya ya kamata ya san da irin wannan, ta hannun mutum ɗaya mai riƙon sirri.

Wasu 'yan tambayoyi da na san za su taso. Azumi: ƙwaya a mayar da ita lokacin sahur ko bayan shan ruwa. Manne da man shafawa kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta ce abin da fata ke tsotsa ba ya karya azumi. Asalin maganin: akwai wani tsoho mai suna Premarin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, wadda zuciyarta ba ta kwanta da shi ba ta gaya wa likita, domin istiradiyol da aka fi bayarwa yanzu daga tsirrai irin su waken suya ake haɗa shi. Wadda kuma ta taɓa jin cewa maganin sinadarin mata yana jawo ciwon dajin nono, tushen labarin wani babban bincike ne na Amurka da ya fito a 2002, a kan matan da ke tsakanin shekara 50 da 79 masu shan sinadari biyu a haɗe. Halin budurwar da jikinta ba shi da istirojin sam daban ne. Duk da haka magani ne mai ƙa'ida, yana iya sa jini ya daskare a jijiya ga wasu, saboda haka ba na saye a kemis bisa shawarar ƙawa ba ne, kuma ba ya cikin kayan mata.

Ƙashi yana son abin gini ma. Babban mutum na buƙatar kalsiyom wajen miligiram 1,000 a rana, kuma muna da shi a gida: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Ba ya shiga jiki sosai sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Mu masu hijabi da zaman ɗaka sai mun kula, a fito tsakar gida inda ba ajnabi, a bar rana ta taɓa hannuwa da ƙafafu na ɗan lokaci. Tafiya da daka da sauran aikin da jiki ke ɗaukar nauyinsa duk suna ƙarfafa ƙashi. Amma kada a ce kuka da zogale sun wadatar a ajiye istirojin, ba sa tsaya masa.

Idan kina da 'ya ko ƙanwa ko 'yar riƙo da ta cika shekara 15 ba ta ga al'ada ba, ko ƙirjinta ya yi shekara uku da fitowa shiru, kada a tsaya ga jiƙo da turare ana cewa iska ce ta riƙe ta. Ki kai ta wajen likitan mata, in da hali a asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, inda za a yi hoton ciki da gwajin jini. Dalilan jinkirin al'ada suna da yawa, AIS ɗaya ne daga cikin waɗanda ba su cika faruwa ba. Idan za ku shiga ɗakin likita ku shiga ku biyu, kuma idan ya fara bayani kada ki ce mata ta jira a waje.